Kundi a Hannu, Inji a Wata Ƙasa

Duk wanda ya shiga neman sanin yadda injiniyoyin wannan zamani suke jarraba jirgin sama, ko mota, ko tashar lantarki tun ba a sayi ko da ƙusa guda ta ƙera su ba, lalle zai yi mamakin darasin da za a fara ɗora shi a kai, domin kuwa abin da za a miƙa masa ƙwallo ne, wanda aka saki daga tsawon mita ɗaya, ya faɗi ƙasa ya yi tsalle, ya sake faɗuwa ya sake tashi, har ƙarfinsa ya ƙare ya kwanta. Ƙwallon nan ba shi da fata, ba shi da iska a ciki. 'Yan layuka ne na lissafi da ba su cika shafi guda ba, waɗanda masu rubuta manhajojin wannan fanni suka saba haɗowa da kayansu a matsayin misalin gwaji. A yau mutum yana iya zama a ɗakinsa da tsohuwar kwamfuta, ko ma da wayar hannu, ya buɗe wani shafi da ake kira kundin Jupyter, ya umarci wani inji da ke wata nahiya ya saki ƙwallon, nan da nan kuma zanen tsalle-tsallensa ya bayyana a gabansa. Ɗalibai da yawa sukan ga zane ya fito su ce alhamdu lillahi, abu ya yi aiki, su zarce zuwa ga abin da suke ganin ya fi girma. Ni kuwa a ganina nan ne wurin da ya cancanci a daɗe, domin shi kaɗai ne matakin da ɗalibi yake da ikon kama inji idan ya yi ƙarya.

Abin da masana suke kira tsari shi ne duk wani abu mai sassa da suke shafar juna, wanda kuma halinsa yake sauyawa da tafiyar lokaci, kamar batiri da fitilar da yake ciyarwa, ko injin mota da tayoyinta, ko annoba a cikin gari. Samfurinsa shi ne siffanta shi da jumlolin lissafi masu faɗin yadda kowane adadi yake ƙaruwa ko raguwa, kwaikwayo kuwa shi ne a sa kwamfuta ta bi waɗannan jumloli taki bayan taki, ta faɗi inda al'amari zai kai bayan minti goma ko shekara goma. Alal misali, a ce an zuba shayi mai zafin digiri 90 a ɗakin da zafinsa yake digiri 30, aka kuma ƙaddara cewa a kowane minti shayin yana zubar da ushirin bambancin da ke tsakaninsa da ɗakin. Bambancin farko 60 ne, ushirinsa 6, saboda haka bayan minti ɗaya shayi ya sauko 84. Bambanci ya koma 54, a cire 5.4, ya zama 78.6, haka za a yi ta bi, a taki na goma a tarar da 50.9. Wannan ita ce hanyar da Leonhard Euler, mashahurin malamin hisabi ɗan ƙasar Suwizalan, ya bayyana a littafinsa na 1768. Amma fa amsar haƙiƙa, wadda ake samu idan an warware mas'alar da cikakkiyar ƙa'ida, 52.1 ce, domin shayi ba ya jiran minti ya cika kafin ya huce, a kowane ƙiftawar ido yana hucewa. Idan aka ƙanƙanta taki, amsa ta matso kusa da gaskiya, aiki kuma ya ninka. Idan kuwa aka yi ha'inci aka ce a yi tsalle guda na minti 20, to lissafi zai nuna shayi ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri, wato ya daskare a cikin ɗakin da mutane suke gumi, kwamfuta kuma za ta rubuta wannan adadi ba tare da ko ɗar ba.

Malaman da suka biyo bayan Euler sun kyautata hanyar ƙwarai. Carl Runge a 1895 da Wilhelm Kutta a 1901, dukansu Jamusawa, sun fito da dabarar auna gangara sau da yawa a cikin taki ɗaya, sa'an nan a farkon shekarun 1980 wata malama Ba'amurkiya, Linda Petzold, ta rubuta manhajar warwarewa mai suna DASSL, wadda take tsawaita taki inda al'amura suke tafiya a natse, ta gajarta shi inda suka rikice. Duk da haka asalin mas'alar bai sauya ba: kusantar amsa ake yi, kuma kusantar tana cin takun da yawansu yake kaiwa dubbai ko miliyoyi. Daga nan buƙatar babban inji ta taso.

Yadda ake rubuta samfurin kansa ma yana da tarihi. A da sai injiniya ya zauna ya juya jumlolinsa da hannu, ya jera wa kwamfuta umarni ɗaya bayan ɗaya, in kuma ya ƙara waya guda a cikin da'irar lantarkinsa sai ya koma farko. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Suwidin, Hilding Elmqvist, a cikin kundin digirinsa na uku a Lund a 1978, ya kawo ra'ayin cewa kamata ya yi mutum ya rubuta dokar kowane sashe yadda take a littafin kimiyya, ya faɗi wane sashe ne yake haɗe da wane, ya bar wa manhaja wahalar jerawa. A 1996 ya tara abokan sana'arsa domin su yi ittifaƙi a kan harshe guda, a shekara mai bi kuma aka fitar da harshen Modelica. Jami'ar Linköping, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Peter Fritzson, ta gina manhajar OpenModelica wadda kowa yake iya ɗauka kyauta, harshen kuma yana tafe da babbar taska ta sassa shiryayyu, na lantarki da na zafi da na ruwa da na ƙarafa masu juyawa, kusan kowane babi da misalansa na gwaji. Daga baya masana'antun motoci na Turai, musamman kamfanin Daimler, suka ga cewa mai ƙera birki da mai ƙera inji kowa da manhajarsa, sai aka tsara ƙa'idar FMI a 2010, wadda take ba da damar a ƙunshe samfuri a fayil guda, a miƙa wa wani ya gudanar da shi a tasa manhajar. A cikin 'yan misalan da masu wannan ƙa'ida suke rabawa domin a tabbatar manhaja tana aiki daidai, ƙwallon nan yana nan.

Kundi kuwa shafi ne da aka yanka gurbi-gurbi. A wani gurbin mutum yana rubuta bayani da harshen mutane, a wani yana rubuta umarni da harshen kwamfuta, yawanci Python, idan kuma ya danna maɓallan Shift da Enter tare sai umarnin ya gudana, sakamakonsa, ko adadi ne ko jadawali ko zane, ya fito a ƙarƙashinsa ya zauna. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin fiƙihu na hannu a zauren malam, ya ga matani a tsakiya da manyan haruffa, sharhi yana biye da shi, hashiya kuma ta kewaye gefe da ƙananan baƙaƙe, ya riga ya san siffar abin. Bambancin kawai shi ne matanin kundi yana amsawa idan an taɓa shi, kuma mai karatu yana da izinin sauya adadi a ciki ya ga abin da zai biyo baya. Manhajar Mathematica ce ta fara yaɗa wannan salo a 1988, amma ta kuɗi ce. A 2001 Fernando Pérez, ɗan ƙasar Kolombiya da yake karatun kimiyyar fiziya a Jami'ar Colorado ta Amurka, ya fara rubuta wata 'yar manhaja mai suna IPython domin sauƙaƙa wa kansa aiki. Shi da abokan aikinsa, cikinsu har da Brian Granger, suka fitar da kundin da ake buɗewa a burauza a 2011, a 2014 kuma aikin ya faɗaɗa ya karɓi harsuna da yawa a ƙarƙashin sunan Jupyter. Lokacin da masana na cibiyar LIGO suka sanar a 2016 cewa sun gano igiyoyin da karon manyan baƙaƙen ramukan sararin samaniya ya haifar, sun saki bayanansu tare da irin wannan kundi, domin mai shakka ya bi lissafin da kansa.

Hikimar da ta fi ƙayatar da ni a ginin Jupyter ita ce raba shafi da mai aiki. Abin da mutum yake gani a burauza fuska ce kawai, ba ta lissafa komai. Mai lissafin wani shiri ne da ake kira kanel, wanda yake zaune a kan sabar, wato kwamfutar da aka tanada domin yi wa waɗansu hidima, wadda wasu suke kira uwar garke. Sabar tana iya zama ita ce kwamfutar da ke kan teburinka, tana iya zama a ɗakin injuna na jami'a, tana kuma iya zama a wata katafariyar cibiya a Turai ko Amurka, shafin dai bai san bambanci ba. Idan ka danna gurbi, 'yan kalmomin umarninka ne suke tafiya ta intanet. Can a sabar ake fassara samfurin Modelica zuwa harshen C, a harhaɗa shi ya zama shiri, a gudanar da shi, a tara dubban adadi, abin da zai dawo maka kuwa ɗan zane ne wanda sau da yawa bai kai nauyin hoton biki guda da ake turawa a WhatsApp ba. Da wannan dabara Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley take koyar da aji mai ɗalibai fiye da dubu ta hanyar JupyterHub, kowa da wurin aikinsa, babu wanda aka ɗora wa wahalar girka manhaja. Cibiyar bincike ta CERN ma tana da irin wannan hidima ga masananta. Kamfanin Google kuma yana ba da tasa mai suna Colab, wadda take da sashen kyauta. Fa'idar wannan ga ɗalibin injiniya a Zariya ko Kano ko Maraɗi a bayyane take, domin wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi, batirinta kuma ya gaji, yana iya tura aikin sa'a uku, a ɗauke wuta, ya dawo ya tarar inji bai tsaya ba, da sharaɗin ya umarce shi tun farko ya adana sakamako a fayil, saboda abin da kanel ya furta alhali shafi yana rufe yakan ɓace.

To, mu koma ga ƙwallo mu dube shi da kyau. Samfurin yana da adadi uku da aka ƙayyade: tsawon farko mita 1, jan ƙasa 9.81, da kuma wani adadi, 0.7, mai nufin cewa duk lokacin da ƙwallo ya bugi ƙasa yana tashi da kashi 70 cikin ɗari na gudun da ya sauko da shi. A gurbin farko ɗalibi yana kiran manhajar da take haɗa Python da OpenModelica, a na biyu yana ɗora samfurin ya ce a gudanar da shi na sakan uku, a na uku yana neman a zana tsawo a kan lokaci. Alamar tauraro takan tsaya a gefen gurbi muddin sabar tana aiki, sa'an nan ta koma lamba, zane ya fito: tuddai a jere, kowane ya fi na gabansa gajarta. A nan ne ya wajaba ɗalibi ya ajiye linzamin kwamfuta ya ɗauki alƙalami. Ƙa'idar faɗuwa da aka koya masa tun sakandare ta ce ƙwallo zai isa ƙasa bayan sakan 0.45, da gudun mita 4.43 a sakan; tun da tsawon tashi yana bin murabba'in gudu, 0.7 sau 0.7 ya ba da 0.49, saboda haka tudun farko santimita 49 ne, na biyu 24, na uku kusan 12. Idan zanen ya dace da waɗannan, to an sami hujja cewa duk silsilar, daga burauza zuwa sabar zuwa manhajar warwarewa, lafiya take. Idan bai dace ba, an kama illa a wurin da ake iya ganinta, alhali da a samfurin tashar lantarki mai jumloli dubu hamsin ta ɓuya, babu mahalukin da zai gane ta da ido.

Akwai kuma wani abin al'ajabi a cikin wannan ɗan misali, wanda shi ya sa malamai suka ƙi rabuwa da shi. A lissafi tsallen ƙwallon ba shi da iyaka, domin kashi 70 cikin ɗari na kowane gudu, komai ƙanƙantarsa, ba sifiri ba ne. Amma idan aka tara lokutan dukan tsallen nan marasa iyaka, jimlarsu ba ta wuce sakan 2.56 ba. Wato kwamfuta tana tunkarar wani lokaci da ake buƙatar ta kama buguwa marar adadi a cikin ɗan taƙi, abin da yake mustahili a gare ta. Masu wannan fanni suna jingina matsalar ga Zeno, masanin falsafar Girka na dā. Abin da yakan faru ga samfurin da ba a yi masa tanadi ba shi ne, tsalle ya ƙanƙance har ya shige ƙarƙashin ma'aunin kuskuren da aka yarje wa manhaja, ta kasa lura da buguwa guda, daga nan sai a ga layin zane ya huda ƙasa ya yi ta nutsewa, ƙwallo ya ratsa daɓe ya nufi cikin ƙasa. Shi ya sa marubutan misalin suka sa wani sharaɗi da yake cewa idan motsi ya yi rauni ƙwarai a ɗauka ƙwallo ya kwanta. Ina ba kowane ɗalibi shawara ya cire sharaɗin nan da gangan ya ga abin da zai faru, sa'an nan ya mai da 0.7 ya zama 0.9, ya lissafa da hannu cewa tudun farko zai kai santimita 81, tsalle kuma zai ɗauki kusan sakan 8.6, kana ya tambayi inji. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Bayan haka ne amfanin sabar yake fitowa sosai, domin da layi huɗu ko biyar ana iya cewa a maimaita kwaikwayon sau ɗari, kowane da adadinsa dabam, a raba aikin ga ƙwaƙwalen injin su yi shi lokaci guda.

Kundin kansa yana da aibin da ba ya ɓoyuwa ga wanda ya daɗe da shi. Kanel yana riƙe da duk abin da aka faɗa masa bisa jerin da aka faɗa, shafi kuwa yana nuna gurabe bisa jerin da aka rubuta su, waɗannan biyun kuma ba lalle su dace ba. Mutum yana iya sauya adadi a gurbi na biyu ya manta bai sake gudanar da na uku ba, sai ya zama rubutu yana cewa 0.9 alhali zanen da ke ƙasansa na 0.7 ne, hashiya ta zauna a gefen matanin da ba nata ba. Yana ma iya goge gurbi ɗungum, amma abin da gurbin ya shuka yana nan a ƙwaƙwalwar kanel yana aiki a ɓoye. Wani masanin manhaja, Joel Grus, ya tsaya a taron masu Jupyter na 2018 ya zayyana waɗannan illoli a gaban ma'abota abin, a 2019 kuma waɗansu masu bincike daga Burazil da Amurka suka tattaro kundaye sama da miliyan ɗaya daga rumbun GitHub, suka sake gudanar da waɗanda suke gudanuwa, suka tarar kusan kashi 24 cikin ɗari ne kawai suka kai ƙarshe ba tare da kuskure ba, waɗanda suka maimaita ainihin sakamakon da ke rubuce a cikinsu kuwa kusan kashi 4 ne. Maganin bai da wuya, sai dai mutane suna ƙyuya: kafin a nuna wa kowa kundi, a kashe kanel a tayar da sabo, a gudanar da gurabe daga sama har ƙasa, a kuma rubuta a gurbin farko wane bugu na kowace manhaja aka yi aiki da shi, domin sabar ta bana ba lalle ta zama irin ta baɗi ba.

Sabar aro kuma tana da nata sharuɗɗan. A sashen kyauta na Colab zama ɗaya ba ya wuce sa'o'i 12, yakan kuma yanke kafin haka idan an bar shi ba a taɓawa, da ya yanke kuwa duk abin da aka girka da duk fayil ɗin da ba a kwashe ba sun tafi. Wanda kuma ya kafa tasa sabar ya sani cewa kundi ƙofa ce da take karɓar kowane irin umarni, saboda haka barin ta a buɗe ga intanet ba tare da kalmar sirri ba daidai yake da miƙa injin ga duk mai wucewa. An sha samun ɓarayi suna lalubo irin waɗannan sabobi suna sa su haƙar kuɗin kirifto, mai inji yana biyan kuɗin wuta.

Saura mas'alar da ta fi duka nauyi, wato abin da samfuri ya yi shiru a kansa. Ƙwallonmu bai san iska ba, shi ya sa dutse da balan-balan duk ɗaya ne a wurinsa, kuma kowane misalin gwaji yana da irin wannan zato a binne. A ɗauki misalin tankin ruwa, wanda shi ma ya yawaita a littattafan wannan fanni. An gina shi a kan ƙa'idar Torricelli, almajirin Galileo, wadda ta ce gudun ruwan da yake fita yana bin tushen murabba'in tsawon ruwan da ke bisa mafita. Sakamakonta shi ne, a tanki mai faɗi ɗaya daga sama har ƙasa, mai huda a gindi, rabin ruwa na sama yana ƙarewa a cikin kashi 29 cikin ɗari na lokaci, rabin ƙasa kuma ya cinye sauran 71. Ɗalibin da ya ga wannan zane ya ɗauke shi kai tsaye ya ɗora a kan tankin rijiyar burtsatse ta unguwarsu zai sha kunya, domin tankin unguwa yana bisa hasumiyar ƙarfe, famfo kuwa yana ƙasa. In an ƙaddara hasumiyar mita 6 ce, zurfin ruwan tanki kuma mita 1.2, to tsawon da yake tura ruwa yana sauka ne daga 7.2 zuwa 6 kacal, ƙarfin zuba ba zai ragu da fiye da kashi 9 cikin ɗari ba, rabi da rabi kuma za su raba lokaci kusan 49 da 51. Jumlar lissafin ba ta sauya ba, sabar ma ba ta yi kuskure ba. Adadi guda ne ya shigo, tsawon hasumiya, wanda ba ya cikin misalin da ke littattafai, kuma sai ɗalibi ya je gindin tankin da tef ɗin awo ya auno shi, tare da faɗin bututu da yawan jarkokin da ake cikawa tsakanin asuba da hantsi, kafin ya dawo ya cika gurbin farko na kundinsa.